Ga masu daurewa da aikin da ba sa so

Assalamu alaikum ƴan uwa. Da yawanmu muna fita aiki ne rai a jagule, amma kuɗin haya da na makarantar yara sun hana mu ajiyewa. Wannan gajiyar ba lalaci ba ce. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ta cikin matsalolin da aiki ke haifarwa.

Shawarata, da an tashi a daina duba saƙonnin ofis, maigida ya jira gobe. Duk wata a ware wani abu daga albashi komai ƙanƙantarsa, ana neman wani aikin a hankali. Kada a faɗa wa abokan aiki, don magana ba ta kwana a ofis. Wanda barci ya ƙaurace masa ko ciwon kai ya matsa masa, don Allah ya ga likita.