Kafin ka taso zuwa Dar es Salaam

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da Hajiya da yara. Saƙonka ya iso, kuma na ji daɗi ƙwarai da ka tsai da shawarar zuwa sarin kaya bayan salla. Ka tambaya ko Turanci zai wadatar. A banki da otal zai yi maka, amma a kasuwar Kariakoo da cikin daladala, ƙananan motocin hayarsu, Kiswahili ake yi. Tun zamanin Nyerere, shugaban ƙasa na farko, Tanzaniya ta riƙe harshen hannu biyu, har majalisarsu da shi take muhawara.

Ka fara da gaisuwa, don mutanen nan kamar mu suke, ba sa son a faɗo musu da buƙata babu sallama. Ka ce "Habari?", wato ina labari, za a amsa "Nzuri", lafiya lau. Dattijo kuwa "Shikamoo" ake ce masa, shi kuma ya ce "Marahaba". Wannan kada ka yi wasa da ita. Za ka ji samari suna "Mambo?" ana amsa musu "Poa", to ta tsakanin sa'o'i ce, ba a yi wa babba. A ƙofar gida "Hodi" ake cewa, a tsaya sai an ji "Karibu". In ka ga mutum da kaya niƙi-niƙi ko cikin rashin lafiya, "Pole" ita ce sannunsu. Godiya kuma "Asante sana".

A kasuwa "Bei gani?" na nufin nawa ne, "Ghali sana" ya yi tsada, "Punguza kidogo" rage kaɗan. In kana son abu ka fara da "Naomba", ina roƙo, ko da kuɗinka za ka biya. Sun fi jin daɗin haka. Ƙidayar ba za ta wahalar da kai ba, don sita (shida), saba (bakwai), ishirini, thelathini da hamsini duk daga Larabci suke, ukun ƙarshen kamar ashirin, talatin da hamsin ɗinmu. Elfu dubu ne, laki kuma dubu 100, kuma za ka yi ta jin ta wajen ciniki.

Abin da na fi so ka kiyaye shi ne agogo. Su daga fitowar rana suke fara ƙirga awa. Ƙarfe 7 na safe ita ce "saa moja asubuhi", awa ta ɗaya, 12 na rana kuma "saa sita". Saboda haka in mai sayar da tikiti ya ce motar Arusha za ta tashi "saa kumi na mbili asubuhi", sha biyu ya faɗa, amma ƙarfe 6 na safe yake nufi. Ka dubi lambar da aka faɗa a fuskar agogonka, ka ɗauki wadda ke fuskantarta. Ka gwada wannan a gida tun yanzu, har ya zauna maka.

Ka turo min ranar da jirginku zai sauka, zan zo filin jirgi in ɗauke ka. A gaishe min da Baba da sauran 'yan majalisa.

Wassalam,
Amininka.