Zuwa ga ɗana a Yamai, kan maganar judo

Ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, ya karatu, ya zafin Yamai? Mu nan Tawa lafiya lau, sai godiya. Innarka ta gaya mini ka rubuta sunanka a wurin koyon judo, hankalinta ya tashi, wai za a karya mata ɗa. Na kwantar mata da hankali. Ni ban hana ba, don ni ma na taɓa yin shekara biyu a wannan wasa lokacin da nake makaranta a nan inda kake. Shi ya sa na ce gara in zauna in rubuta, maganar ta fi ƙarfin waya.

Na san abin da ke cikin ranka. Ka tashi kana kokowa a yashin bayan gidanmu, kana ɗan Tawa, garin da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a 1975, don haka kana ganin mako guda ya isa ka fara ka da mutane. To ka cire wannan. Abin da za a fara koya maka faɗuwa ce. Ba kwana ɗaya ba, ba biyu ba, makonni za ka yi kana faɗuwa da baya, da gefe, kana mirginawa ta kafaɗa, babu wanda ya taɓa ka. Suna kiranta ukemi. Ka manne haɓa da ƙirji don kada ƙeya ta bugi ƙasa, ka mari tabarmar, wato tatami, da hannu miƙe daidai lokacin da bayanka ya sauka, ka saki numfashi.

A nan ne ɗan kokowa yake shan wahala fiye da wanda bai taɓa kama kowa ba. A fagenmu, wanda ya taɓa ƙasa ya gama, makaɗa sun koma kan wani, shi kuma sai kunya. Jikinka ya saba ƙin faɗuwa ko ta halin ƙaƙa. Ni abin da ya same ni ke nan. A watana na biyu wani ya ɗauke ni a kan ƙugu, maimakon in bi faɗuwar yadda aka koya mini, sai na miƙa hannu in dafa ƙasa. Wuyan hannun nan na hagu da kake gani ina murzawa lokacin sanyi, asalinsa ke nan. Laifina ne, ba na kowa ba. Kada ka taɓa tare ƙasa da tafin hannu, ɗana. In an ɗauke ka, ka tafi.

Sannan a judo faɗuwa ba kullum take kashe wasa ba. In aka nana bayanka da ƙasa da ƙarfi, da iko, an samu ippon, wato cikakkiyar nasara, shi ke nan. In ba haka ba, ana ci gaba a ƙasa, wanda ya danne ɗan'uwansa daƙiƙa 20 ya ci. Dannewar farko da za ka koya ita ce kesa-gatame, kuma ranar da aka yi maka ita za ka sha mamakin yadda yaro marar nauyi zai zame maka kamar buhun gero a ƙirji. Can gaba akwai shaƙe wuya da murɗa gwiwar hannu. In abin ya kai, ka bubbuga jikinsa ko tabarma sau biyu, nan take zai sake ka. Ba ragwanci ba ne. Masu baƙar ɗamara ma, wato ƙwararru, haka suke yi. Kama ƙafa da hannu kuwa, wanda ka fi gwaninta a kai, an daɗe da cire shi daga gasa, ka bar shi a Tawa sai ka dawo hutu.

Mutumin da ya kafa wasan, Jigoro Kano, ɗan Japan ne mai ƙaramin jiki. A 1882 ya buɗe makarantarsa, Kodokan, a birnin Tokyo, kuma a wannan birni ne judo ya fara shiga wasannin Olamfik a 1964. Tushen koyarwarsa shi ne kada ka kara ƙarfi da ƙarfi: in an tura ka, ka ja, in an ja ka, ka tura, har mutum ya rasa tsayuwarsa, sannan ka shiga. Don haka za ka maimaita shiga ɗaya sau ɗari ba tare da ka yar da kowa ba, har ka gundura. Ranar da aka sake ku ku gwada juna, abin da suke kira randori, kada ka yi mamaki in wani ɗan ƙaramin yaro, ko ma yarinya mai koriyar ɗamara, ta share maka ƙafa kana tsaye kana cika baki. Gaba da gabanta. Ka tashi, ka gyara riga, ka tambaya yadda aka yi.

Akwai maganar sunkuyawa, wadda na san za ta tsaya maka a rai kamar yadda ta tsaya mini. Ana sunkuyar da kai in za a hau tabarma, ana yi wa malami, ana yi wa abokin karawa. Su a wurinsu gaisuwa ce ta girmamawa. Ni dai na riƙa ɗan rusunawa kamar yadda nake gaida manya, ban taɓa kai goshi ƙasa ba, malaminmu kuma bai ce mini komai ba. Ka tambayi malamin da ka amince da iliminsa, ka kuma yi wa mai horar da ku bayani cikin ladabi tun ranar farko.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Ka yanke farce, hannu da ƙafa. Zobe, agogo, da layar nan da kakarka ta ɗaura maka, duk a cire, ba fagen kokowa ba ne. Takalmi ba ya hawa tatami. Rigar, da kowa a nan yake ce wa kimono, kauri gare ta, a zafin watan Afrilu za ka jiƙe sharkaf, ka tafi da ruwa mai yawa, ka kuma wanke ta ka shanya, kada 'yan'uwanka su riƙa gudunka. Yatsunka za su saɓule saboda riƙon kwala da hannun riga, wuyanka zai yi zafi, matakala ma za ta gagare ka a makon farko. Duk yana wucewa. In aka ce hajime a fara, in aka ce mate a tsaya, ko da kana gab da ka da shi.

Ɗamara fara za ka fara da ita, sai rawaya, ruwan lemo, kore, shuɗi, ruwan ƙasa, kafin baƙa, bisa tsarin da muka samu ta hanyar Faransa. Tsakanin fara da baƙa shekaru ne, kada ka dame ni da lissafinsu yanzu. Abin da zan lissafa maka shi ne makin jarrabawa: in ya sauka, judo ya tsaya.

Zan aiko maka kuɗin riga ƙarshen wata, ka sayi mai ɗan girma don tana shigewa in an wanke. Innarka ta ba direba cuku da kilishi, ka je tasha ranar Asabar ka karɓa, ka kuma kira ta da kanka ka faɗa mata ƙasusuwanka na nan cif. Ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka, ya tsare.

Mahaifinka,
Tawa