Sanarwa Kan Zaman Asabar

Salam ƴan uwa masu shafukan intanet, barkanmu da warhaka. Ranar Asabar bayan isha'i za mu tattauna a nan gurup kan manhajar da za mu riƙa duba shafukanmu da ita, don wasu na shirin biyan Ahrefs ko Semrush, manhajojin bincikar yadda shafi ke fitowa a sakamakon bincike, alhali kuɗin dala ne kuma ba mu gama cin moriyar na kyauta ba.

Kafin ranar kowa ya saka adireshin shafinsa a PageSpeed Insights, wato manhajar Google ta kyauta mai auna saurin buɗewar shafi, ya duba ɓangaren waya tunda yawancin masu karanta mu da waya suke shigowa, in babban hoton shafin ya wuce daƙiƙa 2.5 bai buɗe ba to akwai gyara. Sannan a leƙa Search Console, wato manhajar Google ta kyauta mai ba da rahoto kan shafi, a ga waɗanne shafuka ne suka saka mana linki. A turo sikirinshot don Allah.

Allah ya bar zumunci, na gode.