Wasiƙa daga Tulsa: Dattijo ya fara sayar da bindigoginsa

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara da su Hajiya. Tun da aka ba ka kujerar nan muka daina jin ɗuriyarka, ranka ya daɗe. Bari in sauke abin da ke raina.

Dattijo, Baturen nan maƙwabcina, ya fara sayar da bindigoginsa. Libarba zalla, wato ƙananan bindigogin hannu masu gidan harsashi mai juyawa, tsofaffi, tun yana saurayi yake tara su. Bayan rasuwar matarsa hannu ya soma rawa, ido ya yi rauni, 'ya'yansa kuma suna can California sun ce ba sa son ko ɗaya a gidajensu saboda yara. Ya ce gara ya sayar da hannunsa, kada bayan ransa dillali ya zo ya kwashe su a wulaƙance, magada ba su san me suka rasa ba.

Ka san ni da bindiga. Wanda ya san abin da ta yi mana a hanyar Birnin Gwari ba zai yi sha'awarta ba. Amma wannan bawan Allah ba harbi yake yi da su ba. Mai ne da tsumma, da wani littafi da yake rubuta inda ya sayi kowace ɗaya da hannun wanda ta fito.

Ni na kai shi kasuwar bindigogi ta Wanenmacher, wadda ke ci nan Tulsa ta Amurka sau biyu a shekara, Afrilu da Nuwamba. Tebura dubbai! Samari duk suna can wajen na zamani masu jikin roba, layin tsofaffin kaya kuwa furfura ce ke sayar wa furfura. Kowa ya zo saukewa, masu ɗauka kaɗan.

A hanya ya yi ta karantar da ni. Samuel Colt, wanda ya kafa kamfanin bindigogi na Colt, ya yi rajistar ƙirar libarbarsa a 1836, wadda aka fi sani kuma ita ce ta 1873, ta 'yan kaboyi. Babban laifi a wurin masu tara su shi ne ka goge tsohuwa ta yi ƙyalli, darajarta ta zube ke nan. Sai lambobin jikinta su zo ɗaya, in da hali a haɗa da takarda daga kundin kamfanin Colt mai nuna ranar da ta bar masana'anta da inda aka aika ta. A dokar tarayya, wadda aka ƙera a 1898 ko kafin nan kayan tarihi ce, sauran kuwa in za su tsallaka jiha sai ta hannun dillali mai lasisi. Akwai wata ƙirar Colt mai suna Walker ta 1847, guda 1,100 kacal aka yi, a 2018 an yi gwanjon ɗaya a kan dala miliyan 1.84. Kada ka soma lissafi da naira, na san halinka, nasa ba su kai nan ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan. Wani dillali ya taya tasa ta 1873 da kuɗi mai kauri, Dattijo ya ce albarka. Can wani matashi ya zo, ya nemi izini kafin ya taɓa, ya tabbatar babu harsashi, ya ɗana ta a hankali yana sauraron ƙas-ƙas ɗin nan huɗu da aka san ta da su. Dattijo ya sallama masa ƙasa da tayin dillali, ya yage shafinta daga littafin ya haɗa masa. Har muka iso gida bai ce uffan ba. Wallahi na tausaya masa.

Tun ranar nake tunanin littattafan Malam da ke cikin gafaka a soronku. Wa ya san wanne ne rubutun kakanku, wanne aka zo da shi daga Borno, in ba shi ba? Don Allah ka sami lokaci ka zauna da shi, yana faɗa kana rubutawa, tun da sauran ƙarfinsa. Kada ka ce mini sai bayan Sallah.

Af, wai da gaske ne mai shayinmu ya ƙara aure? A bakin ƙaninka na ji, shi kuwa ka san labarinsa sai an tace. In gaskiya ne ka biya bashin da yake bin ka ya zama gudummawa.

Ɗan gidan Liman zai taso ƙarshen wata. Kada ka ba shi kilishi, a filin jirgi za a ƙwace. Yaji da kuka da daddawa sun isa. Ka gaida Malam da kyau, ka ce ina neman addu'a.

Naka har kullum,
Abokinka na Tulsa