Godiya ga matasan shagon buga takardu na unguwarmu a Agege

Assalamu alaikum.

Na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a ne domin 'yan'uwana ɗalibai da ke Agege, Idi-Araba da Obalende su san inda ake aiki da amana. Matasan nan su ne suka tsara mini jerin manazarta na kundin digirina na biyu a Jami'ar Legas da ke Akoka, kuma malamin da ke duba aikina bai sa jan biro ko a layi ɗaya na wannan sashe ba.

Sashenmu a jami'a tsarin APA yake bi, wato wata ƙa'ida ta ambaton manazarta da jera su. Shagunan buga takardu da yawa har yau suna kan bugu na 6 na littafin wannan ƙa'ida, alhali bugu na 7 ya fito tun 2019. Ku kuwa, ƙannena, kun san abin da ya sauya: an daina rubuta garin da maɗaba'a take, kuma idan marubuta sun kai uku, sunan na farko kawai ake kawowa a cikin rubutu tun daga ambaton farko. Duk maƙalar da ke da lambar DOI, wato lambar da ake gano maƙala da ita a intanet, kun nemo kun saka mata.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda kuka bi da sunayenmu. Manhajar tsara manazarta irin Zotero tana rage wahala ƙwarai, kyauta ce ma, amma ba ta san Bahaushe ba. Idan aka shigar mata da Alhaji ko Malam sai ta ɗauka sunan yanka ne ta taƙaita shi zuwa harafi ɗaya. Marubutanmu kuma da dama sunan garinsu ne a ƙarshe, Gusau ko Bichi ko Zariya, wani a wannan littafi ya sa shi, a wancan ya bar shi. Kun zauna kun bi su ɗaya bayan ɗaya, kun rubuta kowa kamar yadda ya sa sunansa a bangon aikinsa, kuma ba ku mayar mini da ƙ zuwa k ba, ko ɗ zuwa d.

Akwai wata magana da na ɗauko kalma da kalma daga wani tsohon littafi, amma injin kwafi ya yanke gefen da lambar shafi take. Da wani wuri ne, da an ƙirƙiro lamba an cike gurbin. Babbanku ya ce mini, "Malam, gara ka koma laburare ka duba, ba za mu sa abin da ba mu gani ba." Na koma Akoka duk da cunkoson hanya, na samo shafin. Wanda ya yi karatun hadisi ya san darajar isnadi, kuma da wannan idon kuka kalli aikin.

Hirarrakin da na yi da dattawan 'yan goro ma kun nuna mini cewa a APA cikin rubutu ake ambaton irinsu, da suna da kwanan wata, ba sa shiga jerin ƙarshe tunda mai karatu ba shi da inda zai je ya same su.

Kuɗin da kuka karɓa bai kai wahalar da kuka sha ba, ga janareta da kuke ta zuba wa mai. Allah Ya saka muku da alheri, Ya buɗa kasuwa, Ya yi wa iyayenku albarka.

Naku,
wani malamin makaranta a Agege, Legas