Zuwa ga aminina, kan haɗa 'yar motar tsere ta Lotus 25

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da iyali da yara, da kuma hunturun da na ji an ce ya sauko muku da wuri bana. Saƙonka ya iso, na kuma ga hoton kwalin: Lotus 25 ta kamfanin Tamiya na Japan, ma'aunin 1/20. Ka iya zaɓe. Ka ce in rubuto maka yadda za ka bi da ita kafin ka taɓa komai, to ga shi, sai ka yi haƙuri da tsawon takardar.

Ka fara sanin motar ita kanta. Colin Chapman, mai kamfanin Lotus, ya fito da ita a 1962, a tseren Zandvoort na ƙasar Holan, kuma ita ce ta farko a Formula 1, wato babbar gasar tseren motoci ta duniya, da aka yi wa gangar jiki da fallayen alminiyam kamar kwalekwale, maimakon firam na bututu, direba kusan a kwance a ciki. A 1963 direba Jim Clark ya ci tsere 7 cikin 10 da ita, ya ɗauki kambun duniya. Injinta Coventry Climax ne, silinda 8, lita 1.5. Amfanin sanin wannan shi ne kada ka ɗora mata abin da ba nata ba. Ba ta da bel ɗin kujera, ba ta da fiffike, babu manyan tallace-tallace a jikinta, tayoyinta kuma masu zane ne. Ko layin rawayan nan da ya ratsa tsakiyarta ba ta da shi a 1962, sai a tsakiyar kakar 1963. Don haka ka zaɓi tsere guda, misali na Silverstone a Ingila a 1963 inda motar Clark take ɗauke da lamba 4 a jikinta, ka nemi hotunansa, ka tsaya a kansu.

Abin da nake so ya zauna maka a rai shi ne lissafin nan na 20. Duk abin da za ka sa mata, ka raba girmansa na gaskiya gida ashirin. Motar gaba ɗaya ba za ta wuce santimita 18 da 'yan kai ba. Layin haɗi mai kaurin rabin milimita da ka bari a jikin salansa, a motar gaske tudun santimita guda ne. Fenti mai kauri, waya mai kauri, gam da ya malalo, duk haka ido yake karanta su ko da mai kallo bai san dalili ba.

Kayan aiki ba su da yawa: 'yar filaya mai yanka, wuƙa mai tsinin reza, matsefata, tsinken sakace, auduga mai tsinke, samfefa lamba 400, 600, 1000 da 2000, da ɗan abin huji na hannu mai baki milimita 0.4 da 0.5. Gam kuwa iri uku ne, kowanne da wurinsa. Na roba, wato Tamiya Extra Thin mai koren murfi, ba liƙewa yake yi ba, narkar da robar yake ta haɗe. Sai ka haɗa ɓangarorin biyu tukuna, ka ɗiga shi a bakin tsagar, ya bi ta da kansa. Kada yatsanka ya kasance kusa da tsagar, don zai bi ƙarƙashinsa ya buga maka zanen yatsa a jikin bodi. Sufa gulu na waya ne da ƙarfe kawai. Gilashin gaba kuma farin gam na kafintoci za ka sa masa, saboda tururin sufa gulu yana mai da gilashi fari fat, kuma da wuya ya gyaru.

Ka wanke firam-firam ɗin robar da sabulun wanke-wanke a ruwa mai ɗumi, su sha iska. Idan za ka cire yanki, yanke nesa da shi da kamar milimita 2, sannan ka dawo ka share ragowar da wuƙa. Wanda ya murɗe da hannu, ko ya yanka dab da jiki, rami zai bari. Kowane yanki yana da siririn layi inda ɓari biyu na abin da aka zuba robar a ciki suka haɗu. Ka kankare shi da bayan wuƙa, musamman a ƙafafun taya da bututun salansa. Kuma ka gwada kowane haɗi a bushe kafin gam ya taɓa shi.

Yankuna masu ƙyalli da suka zo a kwalin, ni shawarata ka wanke ƙyallin. Ya yi walƙiya da yawa, gam ba ya kama shi, kuma da zarar ka kankare layin zubi ka ɓata shi. Jiƙa su a bilicin wanki minti 10 zuwa 20, ƙyallin zai narke, ka ɗauraye sosai. Daga nan ka fesa baƙi mai sheƙi a ƙasa, ka bi da ruwan azurfa sama-sama. In ka ga wahalar ta yi yawa a karon farko, bar shi, amma lalle ka kankare daidai wurin da gam zai zauna.

Inji shi ne wurin da ya cancanci ka ɓata lokaci. Kada ka shafe shi da azurfa iri ɗaya. Ga lambobin fentin Tamiya da za ka nema: gangar injin XF-16, giyabos XF-56 wadda ta fi duhu, kawunan notuna X-11 da bakin tsinke, ƙananan ƙarafa X-10. Wannan ɗan bambancin shi ke sa a ga kamar ƙarfe daban-daban aka ɗaure. Idan ya bushe, ka tsinka baƙin fentin mai da tina har ya koma kamar ruwan shayi, ka ɗiga a lunguna, bayan minti goma ka goge saman da auduga. Amma kada wannan ruwan ya taɓa siraran ƙafafun taya ko inda aka matse roba da ƙarfi, don tinar fentin mai tana sa roba ta yi gautsi ta karye.

Wayar filogi ta gaske kamar milimita 7 take, ka raba da 20 ka samu 0.35. To waya mai kaurin 0.3 zuwa 0.4 kake nema, irin wadda ake samu a cikin tsohuwar igiyar abin sauraro. Ka huda ramuka takwas a mazaunin filogi, ka fara ɗan tsira wurin da allura don kada bakin hujin ya zame, ka juya a hankali, bakin 0.4 ko ka ɗan karkata hannu ya karye. Ka liƙa kowace waya a wajen distiributa, wato abin da ke raba wa filogi wuta, da farko, ka bar ta da tsawo, ka lanƙwasa ta yadda za ta ɗan sunkuya kamar mai nauyi, sannan ka yanke. Waya da ta miƙe ƙyam kamar tsinke ita ke tona asirin sabon hannu. Bututun mai kuma, zaren kamun kifi mai 0.3 ya wadatar, a shafa masa rawayan X-24 mai garai-garai ya yi launin fetur. A salansa, kusa da inji, ka ɗora shuɗin X-23 siriri, can gaba kaɗan ruwan lemon X-26, don nuna inda wuta ta ci ƙarfe. Kaɗan fa. Idan kai da kanka ka hango launin daga nesa, ya yi yawa.

Yanzu fentin bodi, inda hunturunku ya shigo maganar. Ƙa'ida ta farko: fentin gwangwani na Tamiya mai lambar TS tinarsa tana da ƙarfi, shi ake fara sawa, na ruwa ko na mai su biyo baya. In ka juya tsarin, na saman zai cinye na ƙasa, bodin ya yamutse. Ka goge bodin da samfefa 1000, ka fesa firaima, wato fentin ƙasa da ake fara sawa, mai ruwan toka sau biyu sama-sama, ka bar shi kwana guda. Firaima za ta fito maka da duk rami da ƙarzuwa. Ka cike, ka goge, ka sake fesawa. Koren da ya dace da ita TS-43 ne. Tsoma gwangwanin a ruwa mai ɗumi, wanda hannu zai iya zama a ciki, na minti biyar, kada ka kai shi kusa da wuta ko kaɗan. Girgiza minti biyu cur. Ka tsaya nesa da santimita 20 zuwa 25, ka fara feshin a gefe ka wuce ta kan bodin ka ƙare a ɗaya gefen. Shafe biyu ko uku na farko kamar raɓa, minti goma tsakaninsu, kada ka damu in firaima na leƙowa. Na ƙarshe ne za ka rage gudun hannu har fuskar ta yi danshi.

In ka ga fuskar ta yi gurje-gurje kamar ɓawon lemo, ka yi nisa da yawa ko iska ta bushe, fentin ya sha iska kafin ya sauka. Wannan shi zai fi damunka yanzu da kuma lokacin bazara, don haka ka yi feshi da sassafe ka ɗan matso. In ya zubo kamar hawaye, ka matso da yawa. Kada ka taɓa, bar shi kwana uku ka goge da 1000. Da damina kuwa laima ke sa shi ya yi hazo fari. Ƙura ita ce babbar abokiyar gaba. Yayyafa ruwa a ƙasa kafin ka fara, kuma da ka gama ka kife bodin da robar abinci mai tsabta, ka ɗan ɗaga gefe ɗaya da tsinken ashana. Ka yi a waje ko bakin taga, da abin rufe hanci, yara kuma su yi nisa.

Ka ba shi mako guda. Na san zai yi maka tsawo, amma fenti yakan bushe a sama alhali cikinsa da taushi. Bayan nan 2000 da ruwa, a hankali, ka kauce wa kaifin gefuna don nan fenti ya fi siriri, sannan man goge fenti da tsumma mai laushi.

Sitikun nan na ruwa sai a kan fuska mai sheƙi. A kan fenti mara sheƙi iska na maƙalewa a ƙarƙashinsu su yi fari-fari. Yanke ɗaya-ɗaya, tsoma daƙiƙa 10 a ruwa mai ɗumi, ajiye a kan tsumma kamar rabin minti har ta fara zamewa da kanta, ka jiƙa wurin, ka zamo ta daga takardar kai tsaye. Matse ruwan daga tsakiya zuwa gefe. Layin rawayan zai yi maka gardama a kan hanci. Ka shafa masa ruwan laushi irin Mark Fit. Za ka ga ya tattare kamar ya lalace. Kada ka taɓa shi, zai miƙe da kansa in ya bushe. Maganar rufe su da fenti mai garai-garai, ni ban goyi baya ba a wannan motar. Motocin wancan zamani ba su da irin ƙyallin motocin yau, kuma in ka lulluɓe ta za ta koma kamar alawa. In ka nace, jira kwana biyu, ka fara da feshi kamar raɓa, don mai nauyi yana cinye sitika.

Ƙafafu ne ke kayar da mutane a ƙarshe. Irin wannan mota komai nata a fili yake, in taya ɗaya ta karkace kowa zai gani. Haɗa ƙafafun gaba da na baya a zama ɗaya, ka sa tayoyin ba gam, ka ɗora motar a kan gilashi ko tayil, ka tallafe cikinta da katunan da ka jera daidai tsayin da kake so, ka tokare tayoyin da kwalayen ashana. Ka sunkuya ka duba ta gaba da ta baya, huɗun duk su taɓa ƙasa, ka bar ta ta kwana a haka. Tayoyin kansu ka goge layin tsakiyarsu da 400 har sheƙin ya mutu. Wilinta rawaya ne, sitiyarin ja. Ka shafe bakin wilin da fenti har inda taya za ta zauna, domin a ƙasa mai zafi robar taya takan narkar da robar da ba a rufe ba bayan 'yan shekaru. Saboda wannan zafin dai, kada ka ajiye ta inda rana ke bugawa.

In ka gama injin, turo mini hotonsa a hasken rana kafin ka rufe, da tsinken ashana a gefe don in ga kaurin wayoyin. Ka gaishe mini da mai ɗakinka da yara, da su Baba in ka je gida. Allah ya bar zumunci.

Naka har kullum,
Amininka.