Wasiƙa ga Iyayen 'Yan Aji Shida: Lissafin Jami'a Tun Kafin JAMB

Assalamu alaikum iyayenmu da masu riƙon yara. Da fatan ana lafiya, ya ɗawainiya?

A taron iyaye da malamai na wannan zango, kusan kowa ya tambayi nawa ake biya a jami'a. A takarda, jami'o'in tarayya irin su ABU Zariya ba sa karɓar kuɗin koyarwa. Amma akwai kuɗin rajista, na ɗakin kwana da na gwaje-gwaje, kuma bayan cire tallafin mai a 2023 jami'o'i da dama sun ƙara su. Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) kuwa ta jiha ce: an yi ƙari mai tsanani a 2021, sannan Gwamna Uba Sani ya rage kashi 30 cikin ɗari a 2023.

Ragin ya yi mana daɗi, mu ma iyaye ne. Sai dai in an rage wa ɗalibi, gwamnati ba ta cike giɓin ba, karatun ne ke ramewa. Wata tsohuwar ɗalibarmu ta leƙo mu lokacin hutu, ta ce tun bayan asuba suke zuwa kama kujera, wanda ya makara sai ya tsaya bakin taga. Ranar gwaji kuma ba wuta, malami ya zana na'urar a kan allo. Hukumar TETFund, mai tallafa wa manyan makarantun gwamnati, na gina azuzuwa da harajin kamfanoni, amma ba ta biyan albashi ko kuɗin lantarki.

Ga kuma yajin aiki. A 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shafe wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kan rashin cika yarjejeniyar da ta ƙulla da gwamnatin tarayya a 2009. Rigimar a Abuja ake yinta, amma a nan Tudun Wada da Rigasa yaran suka zauna. Don haka in an ce karatun shekara huɗu ne, ku yi tanadin biyar.

Bashin karatu na asusun gwamnatin tarayya, NELFUND, da aka fara nema a Mayun 2024, babu ruwa a kansa, ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Ɗaliban makarantun gwamnati kaɗai ake bai wa, kuma bashi ne, kada yaro ya ɗauka kyauta ce.

Kafin a cike fom ɗin JAMB, ku tabbatar hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta amince da kwas ɗin, ku kuma tanadi lambar shaidar ɗan ƙasa, NIN. Malamin ba da shawara na ofis kowace Laraba bayan azahar.

Wassalam,
Shugaban Makaranta